Yadda masu sayen mota ke son dillalai su tarbe su a Amurka da Birtaniya

A ƙasar Amurka, in ban da gida, babu abin da magidanci kan zuba wa kuɗi kamar mota. A watan Satumba na 2025 matsakaicin farashin sabuwar mota ya haura dala 50,000 a karon farko, kamar yadda kamfanin Kelley Blue Book mai bin diddigin farashi ya bayyana, yayin da bashin motoci da ke kan Amurkawa ya zarce dala tiriliyan 1.6. Ranar da mutum zai sayi mota kamata ya yi ta zama ranar farin ciki, amma da yawa sukan doshi filin dillali ne da fargaba, kamar wanda aka yi wa sammaci.

Wannan fargaba tana da tarihi. Tun cikin shekarun 1970 cibiyar Gallup take tambayar Amurkawa yadda suke kallon gaskiya da riƙon amanar masu sana'o'i daban-daban. Ma'aikatan jinya su ne kan gaba kusan kowace shekara tun daga 1999. Masu sayar da motoci kuwa suna can ƙasa tare da 'yan majalisar dokoki, inda a mafi yawan shekaru waɗanda ke yaba gaskiyarsu ba sa kai kashi 10 cikin ɗari. A yaƙin neman zaɓen 1960, da abokan hamayyar Richard Nixon suka so su zubar masa da mutunci, sai suka buga hotonsa suna tambayar jama'a ko za su yarda su sayi tsohuwar mota a hannun wannan mutum.

A shekara ta 2015 kamfanin Autotrader ya tambayi mutum 4,002 ra'ayinsu kan yadda ake cinikin mota. Mutum 17 kacal suka ce a bar tsarin yadda yake. To sai dai binciken ya nuna wani abu da ya ba mutane mamaki: kashi 84 cikin ɗari sun ce har yanzu sun fi son su je da ƙafarsu su sayi motar ido da ido, kashi 88 kuma sun ce ba za su saya ba sai sun ɗana ta. Ashe masu saye ba gudun ɗan Adam suke yi ba. Irin tarbar da ake yi musu ce ta gundure su.

Mintunan farko

Ƙorafin da aka fi ji ya shafi abin da ke faruwa kafin ma a ambaci kuɗi. A filayen dillalai da yawa ma'aikata bin layi suke yi, wato duk baƙon da ya shigo, na wanda layi ya zo kansa ne. Saboda haka mutum bai gama kashe motarsa ba sai ya ga an tsaya masa a bakin ƙofa, ana miƙo masa hannu, ana tambayarsa ko yau zai saya. Daga nan kuma a bi shi ƙafa da ƙafa duk inda ya juya.

Abin da masu saye suka fi so ba shi da wuyar fahimta ga Bahaushe, wanda ya san cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Suna son a lura da shigowarsu, a gaishe su, ma'aikaci ya faɗi sunansa, ya nuna inda za a same shi, sannan ya ja da baya. Idan baƙo ya ce dubawa kawai ya zo yi, yana son a ɗauki maganar a yadda ya faɗe ta. Mutumin da aka bari ya zagaya, ya buɗe ƙofa, ya zauna a bayan sitiyari, ya yi shawara da iyalinsa ba tare da wani ya kasa kunne ba, shi da kansa zai ɗaga hannu ya nemi bayani. Wanda aka tsare kuwa tun daga bakin ƙofa hankalinsa na kan hanyar fita.

Akwai kuma ɗaya gefen. Mutum ya shiga ya yi ta tsayuwa babu wanda ya ce masa uffan, saboda ma'aikata sun dubi tufafinsa ko motar da ya zo da ita sun yanke hukuncin cewa ba shi da kuɗi. Wannan ma yana korar ciniki, kuma ya fi ciwo, domin ya haɗa da raini. Gwanintar mai sayarwa tana tsakanin waɗannan biyu: kada ya yi wa baƙo ƙawanya, kada kuma ya yi watsi da shi.

Bayan gaisuwa sai tambaya. Masu saye sukan bambanta tambayar da aka yi don a taimake su da wadda aka yi don a auna aljihunsu. Mutum nawa ne a gidan, tafiyar kilomita nawa ake yi zuwa wurin aiki, ko motar ta haya ce ko ta kai yara makaranta, duk waɗannan tambayoyi ne da ke nuna ana son a haɗa mutum da abin da ya dace da shi. Amma tambayar nan da ta yi ƙaurin suna, wato nawa mutum zai iya biya a kowane wata, masu ba da shawara kan harkar kuɗi sun daɗe suna gargaɗi a kanta. Dalili shi ne ana iya rage biyan wata ta hanyar tsawaita bashin zuwa shekara shida ko bakwai, mai saye ya tafi yana murna alhali jimlar abin da zai biya ta ƙaru.

Me ya sa ake matsa wa mutane?

Amsar tana cikin yadda ake biyan ma'aikacin. A bisa al'ada, mai sayar da mota a Amurka ba ya dogara da albashi. Kamasho yake samu, wanda galibi yakan kai wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ribar da filin ya ci a kan motar. Ke nan duk dalar da mai saye ya samu ragi, an yanko wani abu ne daga abincin wanda ke tsaye a gabansa yana murmushi. A kan wannan kuma ga adadin motocin da ake bukatar kowa ya sayar kafin ƙarshen wata, ga kuma ladan da kamfanonin ƙera motoci kan ba filin da ya cika adadinsa. Shi ya sa matsin yakan tsananta a kwanakin ƙarshe na wata.

Aikin ba ya riƙe mutane. Rahotannin ƙungiyar dillalan motoci ta Amurka, wato NADA, wadda aka kafa a 1917, sun nuna a shekaru da dama cewa fiye da rabin masu sayarwa kan bar aikinsu cikin shekara guda. Wanda bai tabbata zai kai baɗi a wurin ba, da wuya ya damu da ko mai saye zai dawo bayan shekara biyar.

A farkon shekarun 2000 kamfanin Edmunds ya tura wani ɗan jarida ya yi shigar burtu, ya kama aiki a filayen dillalai, sannan ya rubuta abin da ya gani. Daga cikin dabarun da ya fallasa akwai takardar nan mai gida huɗu: farashin mota, kuɗin tsohuwar motar da za a ba da a yi ciko, kafin alƙalami, da biyan wata. Mai sayarwa yakan yi ta yawo da alƙalami daga wannan gida zuwa wancan, ya rage nan ya ƙara can, har lissafi ya kuɓuce wa mai saye. Akwai kuma zaryar zuwa wurin manaja, inda ake barin mutum shi kaɗai na tsawon lokaci da sunan ana roƙa masa ragi. Wasu filayen sukan karɓi makullin tsohuwar motar mutum da sunan za a kimanta ta, sai makullin ya ƙi dawowa har sai ya gaji ya sa hannu.

Binciken kamfanin Cox Automotive ya nuna cewa mai saye kan shafe kusan sa'o'i uku a filin dillali, kuma babban kaso na lokacin yana tafiya ne a kan ciniki da cike takardu. Ofishin ƙarshe, inda ake shirya bashi da inshora, shi ne wurin da mutum ya riga ya gaji, kuma a nan ake bijiro masa da ƙarin garanti da sauran tarkacen da bai zo nema ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gano tushen matsalar. A 1970 George Akerlof ya yi amfani da kasuwar tsofaffin motoci wajen bayyana abin da ke faruwa idan mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba: zargi yakan mamaye kasuwar, har mai kaya na ƙwarai ya rasa wanda zai biya shi daidai. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Tun kafin nan, a 1958, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da Sanata Mike Monroney na jihar Oklahoma ya gabatar, wadda ta wajabta liƙa takardar farashi a gilashin kowace sabuwar mota. Har yau da sunansa ake kiran takardar.

Waɗanda suka gwada wata hanya

Shekarun 1990 su ne lokacin da aka yi gwaje-gwaje mafi girma na sauya wannan hali. Kamfanin General Motors ya kafa reshe mai suna Saturn, wanda ya fitar da motarsa ta farko daga masana'antar Spring Hill a jihar Tennessee a 1990. Motar ba ta fi takwarorinta na Japan ba, amma yadda ake sayar da ita ya bambanta: farashi ɗaya ga kowa, babu taya babu ragi, kuma wanda bai gamsu ba yana iya mayar da ita cikin kwana 30. Sau da dama Saturn ya zo kan gaba a ma'aunin gamsuwar masu saye na kamfanin J.D. Power, inda ya yi kafaɗa da kafaɗa da motocin alfarma da suka ninka shi tsada. A 1994 mutum kusan 44,000 suka yi tattaki zuwa Spring Hill domin bikin da kamfanin ya shirya wa masu motocinsa.

A 1993 kamfanin Circuit City mai sayar da kayan lantarki ya buɗe filin CarMax na farko a birnin Richmond na jihar Virginia, domin sayar da motoci na hannu a kan tsayayyen farashi. Muhimmin abin da ya sauya shi ne ladan ma'aikaci: adadi ɗaya yake samu ko mota mai tsada ya sayar ko mai araha, saboda haka ba shi da dalilin tura mutum ga abin da ya fi ƙarfinsa. CarMax ya zama mafi girman mai sayar da motoci na hannu a Amurka.

A Birtaniya kuwa, kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ne ya shigo a 1995 ba tare da dillali ko ɗaya ba. Ya buɗe kantunansa na kansa, ya ɗauki ma'aikata a kan albashi, ya kafa farashi ɗaya, ya tanadi wurin wasan yara da na'urorin da mutum zai nemi bayani da kansa, kuma ma'aikaci ba ya matsowa sai an kira shi. Cikin kusan shekara guda kamfanin da ba a san sunansa ba ya kama kimanin kashi 1 cikin ɗari na kasuwar ƙasar.

Sai dai kyakkyawar tarba ba ta isa ta riƙe kamfani ba idan sauran al'amura suka lalace. Daewoo ya durƙushe saboda bashi a shekara ta 2000, daga baya General Motors ya karɓe shi, aka koma ga dillalai. Shi ma Saturn an bar shi shekara da shekaru babu sabbin motoci masu jan hankali, aka rufe shi a 2010 bayan karyewar uwar kamfanin. Abin da suka bari shi ne shaidar cewa mutane za su sayi mota matsakaiciya saboda kawai an mutunta su.

Ya kamata a lura da cewa ba kowa ne ke ƙin ciniki ba. A binciken Autotrader na 2015, fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun ce suna son su taya, domin ba su yarda cewa farashin da aka liƙa shi ne na gaskiya ba. Abin da ke damun mutum shi ne ya fita yana zargin cewa wanda ya zo bayansa ya sami motar a ƙasa da abin da ya biya.

Farashi ya danganta da fuska

Wannan zargi yana da tushe, kuma ya fi shafar baƙar fata da baƙi. A farkon shekarun 1990 Farfesa Ian Ayres da abokin aikinsa Peter Siegelman sun horar da mutum 38, maza da mata, farare da baƙaƙe, suka sa musu tufafi iri ɗaya, suka koya musu magana iri ɗaya, suka tura su filayen dillalai 153 a yankin Chicago. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna cewa farashin ƙarshe da aka yanka wa baƙaƙen maza ya fi na fararen maza da kimanin dala 1,100, na baƙaƙen mata kuma da kimanin dala 400. Mota ɗaya, magana ɗaya, fuska ce kawai ta bambanta.

Bambancin ya bi mutane har ofishin bashi. A Amurka dillali yana iya ƙara wani abu a kan kuɗin ruwan da banki ya yanka, ya riƙe ƙarin a matsayin ladansa. A 2013 hukumomin tarayya suka tilasta wa kamfanin ba da bashi na Ally ya biya diyyar dala miliyan 80 ga mutum kimanin 235,000 'yan tsiraru da aka caje su fiye da farare masu irin matsayinsu, da kuma tarar dala miliyan 18. A 2022 rukunin dillalai na Napleton ya amince ya biya dala miliyan 10 bayan hukumar kula da cinikayya ta tarayya, wato FTC, ta zarge shi da cusa wa mutane kuɗaɗen da ba su amince da su ba, da kuma cajin baƙaƙe fiye da kima.

Mata ma suna da nasu ƙorafin, wanda ya daɗe: mace ta zo da kuɗinta, amma mai sayarwa ya juya yana yi wa mijinta ko ɗan'uwanta bayani, ko ya tsaya yana nuna mata launi da madubi alhali tambayar inji ta yi. Abin da ake so a nan shi ne a fuskanci wanda ya yi tambaya, a ba shi amsar abin da ya tambaya.

Wani bincike da masana uku, Fiona Scott Morton da Florian Zettelmeyer da Jorge Silva-Risso, suka buga a 2003 ya gano cewa ƙarin da ake yi wa 'yan tsiraru, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin ɗari, yakan ɓace idan an nemi farashin ta intanet. Dillalin da bai ga fuskar mutum ba, bai ji harshensa ba, sai ya faɗi farashin da zai faɗa wa kowa.

Mai saye ya riga ya sani

Intanet ta sauya wanda ke shigowa filin. A da mutum yakan zagaya dillalai kusan biyar kafin ya yanke shawara, amma kamfanin McKinsey ya ruwaito a 2014 cewa adadin ya sauko zuwa ƙasa da biyu. Mai saye na yau ya kwana yana karanta bayanin motar, ya san farashinta a garuruwa uku, ya duba tarihinta da lambar jikinta. Sau da yawa ya fi sabon ma'aikaci sanin motar. Irin wannan mutum ba ya bukatar a karanta masa talla. Yana son a tabbatar masa cewa motar da ya gani tana nan, farashin da ya gani shi ne farashin, sannan a ba shi makulli ya ɗana. Idan ya yi tambayar da ma'aikaci bai san amsarta ba, ya fi son a ce masa za a bincika, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wayar da za ta tona shi tana cikin aljihunsa.

Haka abin yake ga wanda ya aiko da saƙo. Idan ya rubuto yana tambayar jimlar kuɗin da zai biya har da haraji da rajista, lambar yake son gani a rubuce. Amsar da aka saba bayarwa, wato ya shigo a tattauna, ita ce ke sa ya koma wani filin. Wanda ya zaɓi a rubuto masa kuma ba ya son a yi ta kiransa safe da yamma.

Wasu kamfanoni sun ɗauka cewa maganin shi ne a kawar da mai sayarwa gaba ɗaya. Tesla, wanda ya buɗe kantinsa na farko a Los Angeles a 2008, yana sayarwa kai tsaye a kan farashi ɗaya, abin da ya jawo masa doguwar shari'a da ƙungiyoyin dillalai, domin dokokin jihohi da dama sun hana mai ƙera mota ya sayar wa jama'a da kansa. Carvana, wanda aka kafa a 2012, yana kawo mota har ƙofar gida tare da damar mayarwa cikin kwana bakwai. A watan Disamba na 2024 Amazon ya fara sayar da motocin Hyundai a shafinsa, ko da yake a wurin dillali ake karɓar motar. A Birtaniya kamfanin Mercedes-Benz ya koma tsarin farashi ɗaya a farkon 2023, inda dillali ya zama wakili mai karɓar lada tsayayye.

Duk da haka, binciken Cox Automotive na 2023 ya nuna cewa kashi 7 cikin ɗari ne kawai suka kammala sayen motarsu ta intanet daga farko har ƙarshe. Kamfanin Cazoo na Birtaniya, wanda ya zuba maƙudan kuɗi a kan wannan fata, ya durƙushe a 2024. Akasarin mutane sun fi son su gama lissafi da takardu a gida, sannan su je su ga motar, domin ba a cinikin biri a sama.

Bayan an miƙa makulli

Mutumin da littafin bajinta na Guinness ya amince da shi a matsayin gwarzon masu sayar da motoci shi ne Joe Girard, wanda ya sayar da motoci 13,001 a wani filin Chevrolet kusa da Detroit tsakanin 1963 da 1978, ciki har da 1,425 a shekarar 1973 kaɗai. Ya rasu a 2019. Sirrinsa ba a bakin ƙofa yake ba. Duk wanda ya taɓa saye a hannunsa yakan sami katin gaisuwa daga gare shi kowane wata, kuma idan mota ta ba da matsala shi ne ke tsayawa a kan makanikai har a gyara. Lissafinsa shi ne kowane mutum ya san wasu mutum kimanin 250, adadin da ya ce ya samo daga yawan masu halartar jana'iza da ɗaurin aure, saboda haka ɓata wa mutum ɗaya rai daidai yake da rufe ƙofa ga 250.

A Japan an gina kasuwar ne a kan irin wannan dangantaka. Shotaro Kamiya, wanda ya shugabanci sashen sayarwa na Toyota daga 1950, ya jera muhimmanci kamar haka: mai saye tukuna, sannan dillali, sannan masana'anta. Shekaru da dama ma'aikatan dillalan Japan gida gida suke bi, sun san shekarun motar kowane iyali da adadin 'ya'yansu, kafin al'adar ta ja baya. Da Toyota ya fito da Lexus a Amurka a 1989, sai aka sami matsala a motocin farko kimanin 8,000. Dillalai suka je har gida suka ɗauko su, suka gyara, suka wanke, suka cika tanki da mai, suka mayar. Abin da ake tsoron zai kashe sabon suna sai ya zama shi ya kafa shi.

Doka da Bahaushen da ke ƙetare

Hukumomi sun yi ƙoƙarin mayar da wasu daga cikin waɗannan buƙatu doka. A watan Disamba na 2023 hukumar FTC ta fitar da ƙa'idar da za ta wajabta wa dillalai faɗin cikakken farashi tun a amsar farko, ta kuma hana tallar yaudara da cajin abubuwan da ba su da amfani. Ƙungiyoyin dillalai suka garzaya kotu, kuma a watan Janairu na 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ƙa'idar bisa hujjar cewa ba a bi matakan da suka dace wajen kafa ta ba. A Birtaniya hukumar kula da harkokin kuɗi ta haramta, daga Janairun 2021, tsarin da ke ƙara wa dillali kamasho idan ya ɗaga kuɗin ruwa. A watan Agusta na 2025 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa dillali ba wakilin amanar mai saye ba ne, amma ta amince cewa ɓoye kamasho mai yawan gaske na iya mayar da yarjejeniya ta rashin adalci.

Ga Hausawan da ke zaune a waɗannan ƙasashe, musamman masu tuƙin haya da mota ce jarinsu, da masu sayen motoci suna turawa gida ta tashoshin Kwatano da Legas da Tema, akwai bambance-bambancen da ya kamata a sani. Bahaushe ya saba da ciniki: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa a gaban kowa. A filin Amurka kuwa ladan yana iya ɓuya a cikin kuɗin ruwa ko ƙarin garanti, kuma sallamawar baki ba ta da nauyi sai abin da aka rubuta. Dokar tarayya da ke ba mutum kwana uku ya janye daga wasu cinikayya ba ta shafi motar da aka saya a filin dillali ba, saboda haka da zarar an sa hannu, magana ta ƙare, sai fa idan dillalin ne ya yi alkawarin karɓa a rubuce. A Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da mota idan an same ta da aibi, wanda ya saya daga nesa ba tare da zuwa kanti ba kuma yana da kwana 14 na sauya ra'ayi.

Masu ba da shawara sukan ce mutum ya nemi jimlar farashi a rubuce kafin ya bar gida, ya samo tayin bashi daga bankinsa domin ya sami abin kwatantawa, ya raba cinikin sabuwar mota da na tsohuwar, kuma ya tuna cewa ƙofar da ya shigo ta nan take a buɗe. Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, ya faɗa tun da farko cewa kuɗi hannu zai biya ko kuma ta wata cibiyar da ya amince da ita, ya kuma duba kada a maye gurbin ribar bashin da wasu kuɗaɗen a takarda.

A Amurka akwai filayen dillalan sabbin motoci kusan 17,000, kuma dokokin jihohi suna ba su kariya mai ƙarfi, don haka ba a sa ran za su gushe nan kusa. Tun da kotu ta soke ƙa'idar tarayya, hankali ya koma kan majalisun jihohi da kuma su kansu dillalan, waɗanda wasunsu suka fara biyan ma'aikata albashi tare da lada bisa gamsuwar mai saye, suka kuma ɗora ciniki da takardu a hannun mutum ɗaya domin a rage zaryar ofis ofis. Ko wannan zai yaɗu, ya danganta ne da yawan masu sayen da za su juya su fita idan aka ƙi faɗa musu farashi.